Da gaske man gyaɗa ne ke ƙara ciwon mara?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Don Allah masu ilimin cikinmu ku haska min wani abu. Babbar 'yata shekararta 16, duk wata in al'adarta ta zo sai ta yi kwana biyu ba makaranta. Ta dunƙule a katifa kamar jinjiri, gorar ruwan zafi a mara, ga amai, wani watan har da gudawa. Jiya wata mai sayar da kayan gyaran jiki ta turo min murya ta minti 11, wai man gyaɗa ne ke jawo haka, wai yana da omega-6 da ke komawa wani abu furostagilandin a jiki, shi ke murɗa mahaifa. Wai in daina girki da shi in sayi ƙwayar man kifi a wurinta. Ni kuwa jarka guda na sara bayan kaka, kun kuma san abin da jarka ta kai yanzu. Gaskiya ce ko talla?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ban san kimiyya ba amma na san kasuwa. Muryar da ta kai minti 11 ta kuma ƙare da lambar asusu, ai kin san inda ta dosa.

Hajiya Mai Ƙuli: Ikon Allah, yanzu kuma kan man gyaɗa aka dawo? Shekara 30 ina matsar ƙuli, shi mahaifiyata ta yi, da shi kakata ta aurar da 'ya'yanta. Allah dai ya ba yarinya lafiya.

Malam Bayokem: Maman Hanifa sannu da jinya. Mai muryar nan ba ƙarya ta shara gaba ɗaya ba, shi ya sa maganarta ke shiga kunne.

Furostagilandin ne ke kawo ciwon mara, wannan haka yake. Amma ba irin insulin ba ne da ake yinsa wuri ɗaya jini ya raba wa gari. Kusan kowace ƙwayar halitta tana haɗa nata nan take in buƙata ta taso, ya yi aiki a kan maƙwabta, ya lalace cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna. Jiki ba ya ajiye shi. Kayan haɗin yake ajiyewa, wani maiƙo mai suna arakidonik asid, sarƙa ce ta kabon 20 da ke saƙe cikin fatar ƙwayoyin halitta. In al'ada ta matso sinadarin furojestaron yakan sauka, shimfiɗar cikin mahaifa ta fara rushewa. Sai wani inzayim, wato sinadarin da ke gaggauta aiki a jiki, mai suna fosfolifes A2, ya yanko arakidonik daga fatar, wani kuma da ake kira COX ya karɓa ya sarrafa shi ya zama furostagilandin. Iri-iri ne, a mahaifa wanda ya fi yin ɓarna shi ne PGF2-alfa. Shi ke sa naman mahaifa ya matse har ya shaƙe ƙananan jijiyoyin jininsa, naman ya rasa iska na ɗan lokaci, ciwon kenan. Wanda ya tsallaka cikin jini shi ke taɓa hanji, amai da gudawar da kike gani daga nan suke. Shi ya sa ranar farko da ta biyu suka fi tsanani, lokacin ne ya fi yawa.

Cewa man gyaɗa yana da omega-6 shi ma gaskiya ne. Sunansa linoliyik asid, kusan kashi 30 cikin 100 na man, kuma hanta tana iya ƙara masa tsawo ya zama arakidonik. Inda ta kauce shi ne tsakanin waɗannan biyun. An kira magariba, bari in dawo.

Ɗalibar Likitanci: Kafin Malam ya dawo. Ni dai a aji an faɗa mana sunan arakidonik daga Arachis aka samo shi, wato sunan gyaɗa a kimiyyance, Arachis hypogaea. To in har sunansa ma na gyaɗa ne, ai kenan a gyaɗar yake. Ina ganin matar tana da hujja.

Hajiya Mai Ƙuli: To ga ta nan. Har 'yan boko sun goya mata baya.

Malam Bayokem: Ƙanwata kin riƙe rabin darasin. A man gyaɗa an sami wani maiƙo mai kabon 20 aka sa masa arakidik, ɗan kaɗan ne a ciki, kuma ba ya zama furostagilandin. Da aka gano wani mai kabon 20 a jikin dabbobi, mai gaɓoɓi huɗu masu ninki biyu, sai aka ara masa sunan aka ce arakidonik. Takwara ne kawai. Man gyaɗa ba shi da arakidonik. Wanda muke ci kai tsaye daga nama yake, da hanta, da gwaiduwar ƙwai.

Yanzu ga inda zaren ya tsinke. Kafin linoliyik mai kabon 18 ya zama arakidonik sai ya bi matakai uku, kuma matakin farko yana hannun inzayim mai suna delta-6 desatures, wanda ba ya sauri. Ku ɗauke shi kamar injin niƙan unguwa. Ko an jibge masa buhu 50 a ƙofa, abin da yake iya niƙawa a yini shi zai niƙa. Sauran linoliyik ɗin jiki ya ƙone shi ya sami ƙarfi, ko ya ajiye shi kitse, ko ya gina fata da shi. Da aka bi sawunsa a jikin mutane, wanda ya isa arakidonik bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 2011 wasu masu bincike biyu a Amurka, Rett da Whelan, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi wa manya. An rage wa wasu linoliyik har da kashi 90 cikin 100, an ninka wa wasu har sau 6, amma arakidonik na jininsu bai bi wannan hawa da saukar ba. Don haka in Maman Hanifa ta kyautar da jarkarta yau, ba na tsammanin marar yarinya za ta san an yi.

Ɗalibar Likitanci: Na gode Malam, na karɓi gyara. Gara a nan da a ɗakin jarabawa.

Ɗan Kurmi: Ni abin da ya ɗaure min kai sunan ne. Furostagilandin ba daga furostet ba ne, abin nan da ke hana tsofaffi fitsari? Me ya kai shi mahaifar yarinya?

Mai Kemis: Kuskuren suna ne da ya zauna, Alhaji. Wani masani ɗan Suwidin, Ulf von Euler, ya same shi a maniyyi a 1935, ya zaci furostet ke yinsa, ya raɗa masa suna. Daga baya aka gane wasu jakunkuna ne na kusa da furostet ɗin suka fi zubo shi, aka kuma gane kusan ko'ina a jiki ana yinsa, mace da namiji. Sai a 1964 aka tabbatar daga arakidonik yake fitowa, rukunin Sune Bergström a Suwidin da na van Dorp a Holan kowa ya gano nasa. Abin da ya fi burge ni na asfirin ne. Tun 1899 ake sayar da shi, duniya na sha, ba wanda ya san yadda yake kashe ciwo, sai a 1971 John Vane a Landan ya nuna hana haɗa furostagilandin yake yi. Shi da Bergström da Bengt Samuelsson suka raba kyautar Nobel a 1982.

Wannan ya shafe ki kai tsaye Maman Hanifa. Ibufurofen da 'yan uwansa COX ɗin nan suke toshewa. Shi ya sa suka fi aiki in an sha da zarar alama ta fara, ba sai yarinya ta yi awa shida tana birgima ba, lokacin an riga an haɗa abin an zuba. Farasitamol ba ya toshe shi sosai a mahaifa, shi ya sa mata da yawa ke cewa kamar sun sha ruwa.

Dakta Abinci: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Malam Bayokem ina tare da kai amma ka wanke omega-6 da yawa. Na farko, mutanen da aka yi wa gwaje-gwajen da ka kawo masu cin abincin Turawa ne, ba masu tuwo da miyar kuka ba. Na biyu, injin niƙan da ka kwatanta ba linoliyik kaɗai ke layi a ƙofarsa ba. Omega-3 na tsirrai, alfa-linolenik, shi ma ta wannan injin zai bi kafin ya zama EPA, omega-3 ɗin da ke cikin man kifi. Layi ɗaya ne. In buhunan linoliyik suka cika ƙofa, mai ɗan ƙullin alfa-linolenik sai ya yini bai sami shiga ba. Dama ko ba cunkoso abin da ke zama EPA kaɗan ne, sau da yawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, DHA kuwa, ɗan uwansa na man kifi, ƙasa da haka nesa, ko da yake jikin mata ya ɗan fi na maza iyawa.

Sai ka duba tukunyarmu. Man gyaɗa kusan babu alfa-linolenik. Manja kusan babu. Man riɗi kusan babu, ga linoliyik wajen kashi 40. Agushi ma linoliyik ne ya fi yawa a mansa. Man waken suya ne ke da ɗan abin kirki, wajen kashi 7, amma rabinsa linoliyik ne. Gidan da ba a cin kifi, daga ina EPA zai zo?

Malam Bayokem: Dakta ban musa ba. Kan layin kina da gaskiya, kan Turawan ma haka. Amma in aka kori masu buhuna gaba ɗaya, mai ƙullin ai ƙulli ɗaya dai ya kawo. Ke da bakinki kika ce tukunyar babu alfa-linolenik. Rage man gyaɗa ba zai haifar da abin da ba a ci ba. Wanda ya ci kifi mai maiƙo ya tsallake injin baki ɗaya, EPA ɗin a niƙe ya zo.

Dakta Abinci: A nan mun haɗu. Ni dai kar a tashi daga zauren nan da cewa a kwarara mai yadda aka ga dama.

Maman Hanifa: Ku yi min a hankali, ni sakandare na tsaya. Shi EPA ɗin me yake yi wa ciwon?

Malam Bayokem: Afuwan Hajiya. EPA maiƙo ne na kifi, shi ma kabon 20, kamarsu ɗaya da arakidonik sai dai shi gaɓoɓinsa masu ninki biyu guda biyar ne, ba huɗu ba. Saboda kamar, in kina cin sa a kai a kai sai ya riƙa zama a kujerar arakidonik cikin fatar ƙwayoyin halitta. Ranar da almakashin nan, fosfolifes A2, ya zo yanka, sai ya yanko gauraye. COX ya kama EPA yana jujjuyawa, ba ya masa saurin da yake yi wa arakidonik, kuma duk lokacin da ya ɓata a kansa arakidonik na jira. Abin da ya fito daga EPA ana sa masa lamba 3, na arakidonik lamba 2, kuma da yawa daga masu lamba 3 ba su kai 'yan uwansu zafi ba. Misali turomboksen A2 yana haɗa ƙwayoyin daskarar da jini da ƙarfi, A3 kuwa da kyar. Ba kashe wutar yake yi ba, itacen ne ya zama rabi ɗanye.

Amma ba aikin dare ɗaya ba ne. Sai an yi makonni ana ci kafin fatar ƙwayoyin ta canja, jajayen ƙwayoyin jini ma watanni, tunda su kwana 120 suke yi a duniya. Wadda ta haɗiyi ƙwayar man kifi ranar da ciwo ya kama ta ta yi asarar kuɗinta a wannan watan.

Mai Kemis: A Girinlan aka fara lura da wannan. Wasu likitoci biyu 'yan Denmak, Bang da Dyerberg, sun je can tun 1970 suna ɗibar jinin mutanen Inuwit, masu rayuwa kan kifi da naman dabbobin teku. Suka tarar EPA ya yi yawa a jininsu, arakidonik ya yi ƙasa, kuma in an ɗan tsaga fatarsu jini yakan daɗe bai tsaya ba fiye da na 'yan Denmak. A 1978 suka fitar da bayanin tare da Vane ɗin nan na asfirin. Daga nan kasuwar man kifi ta buɗe. Sai dai daga baya an yi ta ja kan cewar da aka yi wai Inuwit ba sa ciwon zuciya, don bayanan mace-macen da aka dogara da su ba su da ƙarfi. Abin da aka auna a jinin dai yana nan daram.

Kan ciwon mara kuwa akwai gwaje-gwaje, amma ƙanana. Wanda aka fi ambata na 1996 ne a Amurka, 'yan mata 42, an ba su man kifi wata biyu, ciwon ya ragu. An yi wasu bayansa da suka nuna haka. Ragi ne, ba warkewa ba.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana sannunku. Ina karantawa da tabarau biyu. Ku bar ni in faɗi nawa, don na ji ana zagin furostagilandin kamar ba shi da rana. Shekara uku da suka wuce gwiwa ta matsa min, na riƙa aiken jikana wani kemis yana sayo min dikulofenak. Safe da dare, wani lokaci kafin in karya, na kai wata huɗu. Gwiwa ta yi shiru, har masallacin Juma'a nake takawa. Wata asuba na shiga bayi na ga abin da ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, yana wani irin wari da ban taɓa ji ba. Na miƙe jiri ya kwashe ni, buta ta yi gefe, ni na yi gefe. Leda biyu ta jini aka ƙara min. Likitan ya zana min a bayan kati, ya ce abin da maganin ke kashewa a gwiwa shi ne kuma ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi daga tsaminsa. Na kashe mai gadi don in kori ɓarawo. To tambayata, man kifin zai yi min maganin gwiwar ba tare da ya huda min ciki ba?

Ɗan Kurmi: Subhanallahi. Allah ya ƙara lafiya Baba.

Mai Kemis: Allah ya ƙara nisan kwana Baba. Likitanka ya faɗa daidai. Furostagilandin PGE2 ɗin da ke sa zazzaɓi da zugi shi ne ke sa tumbi fitar da majina da kanwar da ke kashe tsami, shi ne kuma ke buɗe wa ƙoda hanyar jini in ruwan jiki ya yi ƙasa. Shi ya sa mai azumi ko mai aiki a rana da ke haɗiyar irin waɗannan ƙwayoyi yake wasa da ƙodarsa. Da aka gano COX iri biyu ne wajen 1991, an yi murna za a toshe na kumburi a bar na tumbi. Aka yi magunguna irin su Vioxx, sai ga shi an janye shi daga kasuwa a 2004 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Bayanin da aka fi yarda da shi, ya rage furostasaikilin da ke hana jini daskarewa a jijiya, ya bar turomboksen yana cin karensa ba babbaka.

Man kifi ba ya huda ciki irin haka Baba, don bai toshe COX ba. Amma amosanin gaɓɓai iri-iri ne. Inda aka ga amfaninsa a fili shi ne irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓɓai, yatsu su kumbura su sandare da safe. Na tsufa da zaizayar guringuntsi, wanda nake zaton shi ne naka, hujjar ba ta da ƙarfi. Ko a na farkon ma sai an kai wajen giram 2.7 na EPA da DHA a kullum, wata uku. Ga inda masu talla ba sa zuwa: ƙwayar da aka rubuta wa 1000 a gaban kwalba, juya bayanta, yawanci EPA 180 ne DHA 120, wato miligiram 300. Ƙwaya 9 kenan a rana. Kar kuma wani ya ce zai cike da man hantar kifi irin wanda ake ba yara, wannan yana da bitamin A da yawa, yana taruwa a jiki, ga mai ciki kuma haɗari ne. Kai da ka taɓa zubar jini a ciki Baba, kar ka fara komai sai likitanka ya sani.

Baba Mai Ritaya: Ƙwaya 9 da kuɗin fansho. To madalla. Na koma man zafi da sanda.

Anti Ungozoma: Ina ɗakin haihuwa tun safe sai yanzu na zauna. Mu kam furostagilandin abokin aikinmu ne. Misofurostol da muke sa wa mace ƙarƙashin harshe in jini ya ɓalle bayan haihuwa, kwaikwayon furostagilandin PGE1 ne. Za ka ɗora hannu a cikin mace ka ji mahaifa laɓo-laɓo kamar ƙullun da bai tashi ba, jini na bin gado, bayan 'yan mintuna ka ji ta dunƙule ta yi tauri a tafin hannunka, ita kuma tana karkarwar sanyi haƙora na haɗuwa. Murɗawar da ke sa Hanifa kuka ita ce ke tsayar da jinin.

Tunda ana maganar mai, bari in ja kunne kan man zurma. Mata na ba juna shi wai naƙuda ta zo da wuri. Shi ba sai jiki ya sarrafa shi ya zama furostagilandin ba. Maiƙon da ya kai kusan kashi 90 na man, risinoliyik asid, da kansa yake zuwa ya zauna a makullin furostagilandin da ake kira EP3 a hanji da mahaifa, masu bincike a Jamus suka nuna haka a 2012. Shi ya sa yake sa zawo, shi ya sa kuma yake taɓa mahaifa. Na karɓi mata da suka sha a gida, suka iso a galabaice, zawo ya tsotse su tun naƙudar ba ta yi nisa ba. Sannan mai ciki ta bar ibufurofen da dikulofenak, musamman daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe. Akwai wata jijiya a zuciyar ɗan tayi da furostagilandin ke riƙe da ita a buɗe har a haife shi.

Maman Hanifa, ki kai yarinyar nan a duba ta. Yawanci irin na 'yan mata ne da ba wata cuta a ƙasa, amma ciwon da ke hana makaranta duk wata ya isa a gani, musamman in magani ba ya taɓa shi ko yana ƙaruwa.

Na Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan kifin teku sai na kwali mai ƙanƙara, shi ma ba kullum ba. Tarwaɗa da karfasa ba za su wadatar ba? Sardin na gwangwani fa?

Dakta Abinci: Sannu Malam. Tarwaɗa da karfasa abinci ne mai kyau, amma EPA ɗinsu kaɗan ne, balle na kiwo da ake ciyarwa da dusa da waken suya. Kifi ma ba shi ke ƙirƙirar yawancinsa ba, daga ƙananan tsirran ruwa yake tarawa, abin da ya ci shi zai ba ka. Titus da shawa da sardin su ne masu shi. Yankan titus mai giram 100 yana ba da fiye da giram 1 na EPA da DHA, wato ya fi ƙwaya uku na waccan kwalbar. Na gwangwani yana nan da nasa, gwangwani ba ya kashe shi. Sau biyu a mako shi ne abin da aka saba ba da shawara.

Hajiya Mai Ƙuli: To ni yanzu an wanke ni ko ba a wanke ni ba? Don ni na san abin da nake sayarwa. Gyaɗa a soya ta sama-sama, a murje, a kai markaɗe, a zuba a turmi ana juyawa ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan har tunkuza ta haɗe man ya taso yana ƙyalli, a kwashe da ludayi. Ba abin da aka ƙara. In kuna neman mai laifi ku je bakin titi da dare ku leƙa kaskon mai suyar kifi. Man ya yi baƙi kamar na injin, yana kumfa, ba a taɓa zubarwa sai dai a ƙara sabo a kai.

Malam Bayokem: An wanke ki Hajiya, kin kuma taɓo inda ya fi damuna. Gaɓoɓin nan masu ninki su ne iska da wuta ke ci. Man da aka yi ta maimaita suya da shi linoliyik ɗinsa yana farfashewa ya zama wasu abubuwa masu cutarwa, shi ne warin nan da ɗacin maƙogwaro. Kifin da aka soya ƙayau a ciki kuma ya zubar da wani abu na mansa a kasko ya sha na kaskon.

Kuma kar a manta linoliyik dole ne ga jiki, ba ma iya haɗa shi da kanmu. A 1929 George Burr da matarsa Mildred a Jami'ar Minnesota suka hana ɓeraye maiƙo kwata-kwata. Girma ya tsaya, fata ta yi ɓawo, wutsiya ta riƙa lalacewa. 'Yan ɗigon mai a abinci suka dawo da su, daga baya suka nuna linoliyik ne sirrin. Kyanwa ma injin niƙanta kusan a kashe yake, shi ya sa dole ta sami arakidonik daga nama, ba za ta rayu kan tuwo ba.

Ɗan Kurmi: Shi ya sa tamu ke raina ɗumame ashe. Hajiya Mai Ƙuli a ajiye min galan ɗaya, tunda kotu ta sallame ki.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Baba Allah ya ƙara sauƙi. Jarka dai tana nan. Anti zan kai ta ranar Litinin in Allah ya yarda, in tambayi likita kan shan maganin da wuri. Matsala ɗaya, yarinyar nan ba ta cin titus, ta ce ƙarni. Ko a miya na sa sai ta tsame ta tura wa ƙannenta.

Hajiya Mai Ƙuli: Wannan mai sauƙi ne. Ki cire baƙin nan na cikin cikinsa tas, ki wanke da lemon tsami, ki shafe shi da citta da tafarnuwa da masoro ya ɗan jima. Kar ki soya, ki gasa a waya kan garwashin da ya daina hayaƙi, fatar ta yi ƙuna kaɗan. Ki ba ta da zafinsa, in ya huce ƙarnin yake dawowa.

Maman Hanifa: Na karanta mata. Ta ce in da yajin ƙuli za ta gwada.